Rigar Bango: Sanholon Birni da Zanar Ƙauye

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san ruwan damina ga ƙasar Adar daga gabas yake zuwa. Hadari ya haɗo, iska ta taso, ruwa ya yi ta dukan bango kamar da bulala. In ka zaga Babankatami bayan damina, ko ƙauyukan Buza da Madawa da Kaita, bangon gabas za ka tarar ya fi zaizayewa. Yaɓe ya zube, tubali ya fito fili, gindin bango ya rame. Daga nan sai tsaguwa. Mun kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daminar shekara ta 2024 ta nuna girman abin. Ruwa ya yi yawa ƙwarai cikin ƙasar Nijar. Kusan mutum 400 sunka rasa rayukansu, waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu gini ya faɗa musu. Mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi ɓarnar ta shafa. Har tsohon masallacin Damagaram, wanda ya shekara fiye da ɗari da hamsin tsaye, ya rushe ran 3 ga watan Satumba na shekarar.

To, mi ke kare bango daga ruwa? Mutanen birni suna da tasu dabara, ta kuɗɗi mai yawa. Ya kamata mu san ta, don ta fara matsowa kusa da mu.

Mi ake nufi da rigar bango?

Masu zuwa cin rani Yamai, Kano, Abuja ko Abijan sun ga manyan ma'aikatu da bankuna da gidajen mai masu ƙyalli. Bangonsu sumul, wani fari, wani shuɗi, wani kamar azurfa. Mutum sai ya ce da ƙarfe anka gina su. Alhali bangon bulo da siminti ne a ciki. Abin da ke ƙyalli riga ce anka sa mishi daga waje. Ana yin rigar da fallayen alminiyom, wato sanholo, ƙarfen nan mara nauyi da maƙera ke zuba tukwane da ludayi da shi. Ko cikin garin Tawa, inda anka yi sabbin gine-gine da yawa don bukin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017, da Ƙwanni da Maraɗi, wanda ya lura zai ga irin fallayen nan, musamman ga gidajen mai.

Ga yadda ake ɗaura ta. Da farko a gama bango. Sannan a kafa sandunan ƙarfe tsaye a jikinshi, a ɗaure su da ƙusoshi masu ƙarfi. Bisa sandunan nan ake rataya fallayen, ɗaya kusa da ɗaya. Fallen ba ya taɓa bango. Ana barin fili tsakaninsu, kamar santimetir 3 zuwa 5, wato faɗin yatsa biyu ko uku. Ana kuma barin kafa ƙasa, a bar kafa bisa.

Filin nan shi ne dukan dabarar. Aikinshi uku ne.

Na fari, in ruwa ya zo da iska, fallen yake duka. Ɗan abin da ya kutsa ta tsakanin fallaye ba ya iya tsallake filin. Sai ya gangara ta bayan fallen, ya fita ta kafar ƙasa. Bango ya zauna busasshe.

Na biyu, iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta bisa. In akwai laima a bango, iskar ta busar da ita.

Na uku, rana fallen take duka. Bango shina cikin inuwa. Iskar da ta yi zafi cikin filin tana tashi sama ta fice, mai sanyi ta maye wurinta. Ga ƙasa kamar tamu, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, wanga ba ƙaramin amfani ba ne.

Dabarar ta daɗe. Manoman ƙasar Norwe, can arewacin Turai inda ruwa ke zuwa da iska mai ƙarfi, da katako suke yi ma rumbunansu irin wagga riga tun zamanin kakanninsu. Babban bene na farko da anka lulluɓe da sanholo kuwa, a birnin Pitsbag na Amurka anka gama shi cikin 1953. Hawa 30 gare shi, kuma kamfanin Alcoa mai narka sanholo ne ya gina shi.

Daga ina sanholo ke fitowa?

Sanholo daga ƙasa yake fitowa. Akwai wata jar ƙasa mai kama da marmara, ana ce mata boksit. Ƙasar Gine tana cikin waɗanda sunka fi kowa arzikinta duk duniya. Tun 1973 jiragen ruwa ke ɗaukar ta daga tashar Kamsar. Sai an haƙa tan 4 zuwa 5 na jar ƙasar nan kafin a samu tan 2 na wani farin gari. Tan 2 na garin shi ke ba da tan 1 na sanholo.

Narka garin nan shina cin wutar lantarki mai yawan gaske. Shi ya sa ake kafa masana'antar kusa da babban gulbi da anka datse. Kamaru ta buɗe tata a Edeya cikin 1957. Gana ta buɗe tata a Tema cikin 1967, bayan anka gama madatsar Akosombo. Nijar ba ta da irin wagga masana'anta. Duk fallen da kunka gani cikin ƙasarmu, daga waje anka kawo shi.

Galibin fallayen da ke kasuwanninmu daga Sin, Turkiyya ko Dubai suke zuwa. Jirgin ruwa ya sauke su bakin teku. Daga can manyan motoci su yi tafiyar fiye da kilometir 1,000 kafin Yamai. Da can ta Kwatano kayan Nijar sunka fi biyowa. Cikin 2023 anka rufe iyaka da Benin, kaya sunka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa. Waɗansu kuma ta Najeriya suke shigowa, daga Kano zuwa Maraɗi, ko daga Sakkwato zuwa Ƙwanni. Kowace hanya da kuɗɗin mota, da kuɗɗin duwan, da ribar ɗan kasuwa. Kafin falle ya iso Madawa ko Buza, ya yi tsada.

Mi ya sa ake son shi duk da haka? Ba shi da nauyi: in ƙarfe ya yi kilo 3, sanholo mai girmanshi kilo 1 ne. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Gara ba ta cin shi. Kuma in ya tsufa ana sake narka shi. Maƙeran kasuwar Katako a Yamai, da na kasuwanninmu na ƙauye, sun daɗe suna maida tsohon sanholo tukunya.

Amma shina da nashi hali. Zafi shina miƙar da shi, sanyi ya janye shi. Falle mai tsawon metir 4 shina iya ƙaruwa da kusan milimetir 5 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. In magini ya matse fallaye bai bar musu wurin motsi ba, sai su kumbura su lanƙwashe. Sannan wuta ba ta shan wahala da shi. Digiri 660 ya isa ya narke, alhali ƙarfe sai ya wuce digiri 1,500.

Abin da ke ɓoye cikin falle

A nan ya kamata mai karatu ya natsu. Yawancin fallayen nan ba sanholo zalla ba ne. Kaurin falle milimetir 4 ne. Sanholon fata biyu ne kawai, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace rabin milimetir. Tsakiyarsu wani abu dabam ake cusawa. Cikin 1969 anka fara sayar da irin wanga falle a Turai da sunan Alucobond. Yau magina suna kiran kowane falle da wanga suna, ko da wane kamfani ya yi shi.

Abin da ke tsakiya iri uku ne.

Akwai mai roba zalla, dangin robar da ake yin leda da jarka. Ga takarda ana rubuta mishi PE. Galibi cikinshi baƙi ne. Shi ya fi araha, shi ya fi rashin nauyi, kamar kilo 5 da rabi ga falle mai metir ɗaya tsawo da metir ɗaya faɗi. In ya kama wuta, zafin kilo ɗaya na robar ya kusa na kilo ɗaya na man fetur. Tana narkewa, tana ɗiga tana ci.

Akwai wanda anka gauraya robar da garin dutse mai yawa. Ana rubuta mishi FR. Cikinshi fari ne ko toka-toka, kuma ya fi nauyi, ya wuce kilo 7. Ba ya saurin kamawa.

Akwai kuma wanda kusan dukan cikinshi garin dutse ne. Ana rubuta mishi A2. Shi ya fi tsada, shi ya fi jure wuta.

In an rataya su ga bango, duka ukun kamarsu ɗaya. Ido ba ya rarrabewa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Gobarar Landan

A birnin Landan na ƙasar Ingila an yi wani bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell. An gama gina shi cikin 1974, a da talakawa ke haya ciki. Tsakanin 2015 da 2016 anka gyara shi, anka sa mishi rigar sanholo. Da farko an shirya sa wani irin falle mai tsada. Daga baya anka sauya da mai roba a ciki, don a rage kuɗɗi kamar fam dubu 300.

Daren 14 ga watan Yuni 2017, cikin watan azumi, wajen ƙarfe ɗaya na dare, firjin wani ɗaki a hawa na huɗu ya kama wuta. Ƙaramar gobara ce ta ɗaki guda. Amma ta fita ta taga, ta kama rigar bango. Robar ta fara ci. Filin nan da ke bayan fallaye, wanda anka bari don iska, ya zama kamar zugazugin maƙeri, shina jan wuta sama. Kafin rabin awa wuta ta kai ƙololuwar benen. Daga nan ta zagaye shi. Musulmin da ba su yi barci ba don jiran sahur sun taimaka wajen tada maƙwabta. Duk da haka mutum 72 sunka mutu, har da yara ƙanana.

Gwamnatin Ingila ta sa wani tsohon alƙali, Martin Moore-Bick, ya bincika. Ya ba da rahotonshi na ƙarshe ran 4 ga Satumba 2024. Rahoton ya ce fallayen masu roba, waɗanda kamfanin Arconic ya yi, su ne babban dalilin yaɗuwar wutar. Ya ce waɗansu kamfanonin da sunka sayar da kayan sun ɓoye gaskiyar abin da gwaji ya nuna. Ya ce kuma da an yi aiki daidai, da ba wanda ya mutu. Tun ƙarshen 2018 Ingila ta hana sa kaya masu cin wuta ga bangon sabbin benayen kwana da sunka wuce metir 18.

Ba Landan kaɗai ba. Daren 31 ga Disamba 2015, wani otal mai hawa 63 a Dubai ya kama wuta ta jikin rigarshi, duniya tana kallo.

Mu nan ba mu da bene mai hawa 24. Amma motar kashe gobara tana nesa da yawancin ƙauyukanmu, ruwa kuma sai an ja daga rijiya. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

In za a yi ginin jama'a

Ma'aikatar magajin gari, likita, lakwal, bankin cimaka, duka da kuɗɗin jama'a ake gina su, ko na haraji ko na taimakon da anka bayar da sunanmu. Haka nan ƴaƴanmu da ke cin rani suna aiko kuɗɗi a gina shago ko gida, wani ya ce a yi mishi irin na birni. In ɗan kwangila ya kawo zancen rigar sanholo, hakimai da ƴan kwamiti da iyaye suna da ikon yin tambaya. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

1. Mi ke cikin fallen? A nuna takardar kamfani, a ga ko PE ne, ko FR, ko A2. A kuma duba bakin fallen da ido, a ɗaga shi a ji nauyi.

2. A yanko ɗan guntu, a kai fili nesa da danni da rumbuna, a sa mishi wuta. In cikin ya kama shina ɗiga kamar leda, kun ga amsa.

3. An bar fili bayan fallen? An bar kafa ƙasa da bisa? In an manna shi ga bango, an yi ado kawai, amfanin ya tafi.

4. An sa ƙarfen tare wuta kewaye da tagogi da ƙofofi, da tsakanin hawa da hawa?

5. Wayar lantarki ta bi ta bayan fallen? In ta bi, cikin bututu take?

6. An sa raga ga kafofin, don ɓera da tsuntsu da kunama?

7. In jaki ko amalanke ya lotsa falle guda, wa zai gyara, kuma ina za a samo irinshi? Ƙurar hunturu kuma da wane ruwa za a wanke ta?

8. Kuɗɗin rigar nan, aji nawa na lakwal za su gina?

Wanda ya amsa waɗanga tambayoyi ba tare da ɓacin rai ba, shi ne maginin ƙwarai.

Dabarar tana cikin gidanmu

Yanzu ku fita ku dubi rufewar da ke bayan ɗaki. Da laka anka gina ta, kaurinta bai kai tafin hannu ba. Amma tana shekara da shekaru da hatsi a ciki. Don mi? An ɗora ta bisa duwatsu, gindinta ba ya taɓa ruwa, iska tana wucewa ta ƙarƙashi. An kuma sa mata hular ciyawa a kai. Haka tsohuwar da ke jingina zana ga bangon gabas in damina ta kusa. Ruwa ya daki zana ya gangara, iska ta bi ta baya, bango ya tsira. Abin da injiniyan birni ke yi da sanholo ke nan.

Mutanen kwarin Majiya ma sun san wanga. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma sunka fara dasa bedi layi biyu-biyu cikin gonaki. Itacen ke karɓar dukan iska, hatsi ya samu lafiya a bayansu.

Manyan magina na zamani sun koma ga wagga hikima. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina lakwal da tubalin ƙasa cikin 2001. Ya ɗaga rufin kwano sama, ya bar fili tsakaninshi da rufin ƙasa, ya kuma fito da bakin kwanon waje sosai don ruwa kada ya taɓa bango. Cikin 2022 anka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma ga masu tsara gini. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Nan cikin jihar Tawa, a Dandaji, ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gama sabon masallaci cikin 2018 da tubalin ƙasa da inji ya matse. Tsohon masallacin sunka gyara shi ya zama ɗakin karatu. A Yama kuma, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa cikin 1962 ya samu kyautar Aga Khan cikin 1986. Ƙasa ba abin kunya ba ce. Ruwa ne kawai abokin gabanta.

Abin yi tun da rani

Tun ran gini ran zane. Ga abin da kowane maigida zai iya yi kafin hadarin fari.

A tada gindin bango da dutse, kamar tsawon kamu ɗaya daga ƙasa. Allah ya hore ma Adar dutse, ba saye za a yi ba.

A cika gindin bango da ƙasa, a daɓe, ta yadda ruwa zai gangara waje. Kada a bar rami ko kwata kusa da bango.

A gyara indararo. Ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa. A jera duwatsu inda ruwan ke faɗawa.

A sabunta yaɓe, musamman na gabas. Inda ake samun makuba, a sa ta.

A yi hankali da shafa siminti bisa bangon ƙasa. Siminti da laka ba su riƙe juna sosai. In ya tsage, ruwa ya shiga baya, ba shi da hanyar bushewa. Bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye har ran da zai zube.

Mai zana ya kafa ƴan sanduna, ya ɗaura ta gaban bangon gabas, ya bar fili kamar yatsa huɗu. Amma zana abincin wuta ce. A nisanta ta da murhu, a kuma cire ta in damina ta wuce.

Mai halin sayen kwano, wanda waɗansu ke ce ma tol, ya kafa icce ko ƙarfe tsaye ga bango, ya buga kwanon bisa, ramukanshi suna kallon ƙasa don ruwa ya gangara. Ya bar kafa ƙasa da bisa. Ya shafa ma iccen baƙin mai don gara. Ya ɗaure da kyau, don kwanon da iska ta fizge wuƙa ne. Bangon gabas kaɗai ya isa, ba sai an zagaye ɗaki ba.

In kuwa bango ya riga ya tsage daga bisa har ƙasa, ko ya fara jingina, kada a kwana ƙarƙashinshi daren ruwa. A fitar da yara da tsofaffi da bisashe. Ɗaki ana sake gina shi.

Ƴan uwa, wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinshi wanga labari. Malaman yaƙi da jahilci su tattauna shi da ɗalibansu. Gobe da safe kowa ya zaga bayan ɗakinshi ya dubi bangon gabas. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ɓarnarta.